Dajin da Aka Sassaƙa Ya Zama Jirgin Yaƙi

A garin Portsmouth da ke gaɓar kudancin Ingila akwai wani jirgin ruwa na yaƙi mai suna Victory, wanda aka fara haɗa shi a shekarar 1759, aka tura shi ruwa a 1765, kuma tun daga 1922 yake zaune cikin wani kwarmin gyaran jirage da aka zuƙe ruwansa, inda jama'a ke yankar tikiti suna shiga kallo. Jirgi ne mai tafiya da ƙarfin iska, ba shi da inji, abin da ke tura shi kawai shi ne filafilai, wato manyan ƙyallaye masu kauri da ake shimfiɗawa a jikin dogayen ginshiƙai uku domin su tare iska. Duk da cewa ya zama gidan tarihi, har yanzu sunansa yana cikin jerin jiragen rundunar sojojin ruwan Birtaniya, kuma babu jirgin yaƙin da ya girme shi a cikin waɗanda ba a sallama daga aiki ba.

Yawancin masu ziyara labarin yaƙi ne ke kai su, amma mutumin da ya tashi a ƙasar daji irin Birnin Gwari, inda doka da maɗaci da kawo da maje suka rufe ƙasa, zai fi saurin lura da wani abu dabam, wato itacen. An kiyasta cewa bishiyoyi wajen 6,000 aka sare kafin a gama jirgin, kusan kashi 90 cikin ɗari nasu irin itacen da Turawa ke kira oak, mai tauri da jinkirin girma, wanda sai ya kai shekara 80 zuwa sama da 100 kafin ya isa shiga aikin jirgi. Ma'ana, bishiyoyin da suka zama haƙarƙarin Victory sun tsiro ne tun kafin a haifi kakannin masassaƙan da suka fafe su. A daidai inda jirgin ke haɗuwa da ruwa kaurin bangonsa ya kai kimanin santimita 60 na zallar itace, domin abin da ake so shi ne dunƙulen ƙarfen da igwa ta harbo ya maƙale a ciki kada ya ratsa.

Ba miƙaƙƙen katako kaɗai masu haɗa jirgi ke nema ba, kuma nan ne gwanintarsu take. Inda bene ke haɗuwa da bango ana bukatar itace mai lanƙwasa kamar gwiwa, wanda idan aka yanke shi daga miƙaƙƙen gungume sai ya tsage da zarar nauyi ya hau shi, saboda haka sai a shiga daji a nemi bishiyar da reshenta ya fita daga gindi da irin karkatar da ake so, a saro wurin yadda Allah Ya halicce shi, kamar yadda mai kafa rumfa ke zaɓen gwafa tun tana jikin bishiya. Wannan irin itace ya fi kowane tsada da wuyar samu. Sa'ar da Victory ya yi ita ce yaƙin da aka fara shi dominsa ya lafa kafin a gama aikin, sai aka bar ƙashin jirgin a rufe yana shan iska na tsawon lokaci fiye da yadda aka saba, itacen ya bushe sarai kafin a lulluɓe shi, kuma masana da dama suna ganin wannan jinkiri yana cikin dalilan daɗewarsa.

Mai ziyara yana shiga ne ta wata ƙofa a gefen jirgin, kuma abin da zai fara koya shi ne sunkuyawa, domin yayin da yake sauka daga bene zuwa na ƙasa rufin yana ƙara matsowa, har a can ƙasa dogon mutum ba ya iya miƙewa. Benaye uku ne ke ɗauke da mafi yawan igwa, wadda adadinta ya kai 104 a lokacin da jirgin ke ganiyarsa, kuma an jera su ne bisa nauyi, manya a ƙasa ƙanana a sama, don kada jirgin ya kife. Manyan suna harba dunƙulen ƙarfe mai nauyin kusan kilo 14 da rabi, kowace tana zaune a kan keken katako, an ɗaure ta da igiya mai kaurin damtse wadda ke tare ta idan ta zabura baya bayan harbi. A tsakanin waɗannan igwa mutane sama da 800 suke ci, suke barci. Teburin cin abinci allo ne da ake ratayewa da igiya, gado kuwa ƙyalle ne da ake ɗaurewa a jikin rufi kamar lilo, kuma faɗin wurin da ƙa'ida ta ba kowane matuƙi bai wuce santimita 36 ba, abin da ya yiwu kawai saboda rabin mutanen suna bakin aiki yayin da rabi ke kwance. Wanda ya ga wannan matsi sannan ya wuce ɗakunan babban kwamanda a bayan jirgin, masu jerin tagogin gilashi da teburin cin abinci na alfarma, ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda aka raba daraja a rundunar.

Ranar 21 ga Oktoba 1805 ce ta ba jirgin sunan da ya hana a farfasa shi a sayar da katakonsa kamar sauran tsararrakinsa. A ranar, kusa da Trafalgar a gaɓar Sifaniya, jiragen Birtaniya 27 ƙarƙashin Horatio Nelson suka karya rundunar haɗin gwiwar Faransa da Sifaniya mai jirage 33. An harbi Nelson daga saman ginshiƙin wani jirgin Faransa, kuma akwai ɗan allon tagulla a benen sama da ke nuna inda ya faɗi, sannan a can ƙasan jirgin, inda likita ke yanke ƙafafu da hannaye da hasken fitila, ana nuna inda ya cika. Mutum 57 aka kashe a cikin Victory kaɗai. Filafili ɗaya daga cikin na ranar yana nan an adana shi, da huji wajen 90 a jikinsa.

Sai dai abokin gabar da ya fi yi wa jirgin ɓarna ba ya ɗauke da igwa. Ruwan sama yana shiga tsakanin katako, fumfuna ta kama, itacen ya ruɓe daga ciki alhali fentin waje yana ƙyalli, ga kuma wani ƙaramin ƙwaro da tsutsarsa ke shekaru tana cin itace a ɓoye. A shekarun 1950 an yi ta turara jirgin da maganin ƙwari, daga baya kuma aka maye gurbin ruɓaɓɓen oak mai yawa da itatuwan ƙasashe masu zafi da ake ganin ƙwari ba sa son su, ciki har da loko na dazuzzukan Afirka ta Yamma, wanda Yarabawa ke kira iroko. Jirgin da aka yi domin ruwa ya tallafe shi ta ko'ina, da aka ɗora shi a kan tudu sai cikinsa ya fara saɓulewa a hankali saboda nauyinsa, har sai da aka kafa masa sandunan ƙarfe 134 masu na'urar auna nauyi. Tun daga 2022 ake wani babban gyara na cire katakon waje ana sa sabo. Gaskiyar da ba kowane mai ziyara ke son ji ba ita ce, kaso kaɗan ne na itacen da yake taɓawa ya ga shekarar 1765. Wannan bai mayar da jirgin jabu ba, domin ko a lokacin da yake yaƙi haka ake yi masa, ana cire ruɓaɓɓe ana sa lafiyayye, kuma abin da ake adanawa a haƙiƙa shi ne sifar jirgin da sanin yadda ake haɗa ta.

Amurkawa sun ɗauki wannan lissafi har ƙarshensa. Jirginsu mai suna Constitution, wanda aka tura ruwa a Boston a 1797, shi ne jirgin yaƙi mafi tsufa da har yanzu yake kan ruwa, sojojin ruwa masu ci ne ke zagayawa da baƙi a cikinsa kyauta, kuma a 1853 yana cikin jiragen da ke sintiri a gaɓar Afirka ya kama wani jirgin fataken bayi. Da suka ga cewa manyan bishiyoyin da gyaransa ke ci suna ƙaranci, sai a 1976 suka keɓe wani yanki na dajin rundunar sojojin ruwa da ke Crane a jihar Indiyana, aka zaɓi bishiyoyi aka bar su suna girma domin wannan jirgi shi kaɗai.

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a Birnin Gwari. Tun a 1936 hukumar gargajiya ta keɓe gandun da a 1999 ya zama Gandun Daji na Ƙasa na Kamuku, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,100. Masassaƙan ƙasar Hausa ma sun daɗe da sanin cewa kowace bishiya da aikinta, maɗaci ga kwalekwale, ƙirya ga taɓarya da gawayin maƙera, giginya ga azarar da gara ba ta ci. Abin da ya yi rauni shi ne tsaron abin da aka keɓe, domin shekarun da 'yan bindiga suka yi suna fakewa a dajin sun hana ma'aikatan gandu da masu yawon buɗe ido shiga, ga buhunan gawayi da ake lodi zuwa birane, ga maɗobiya da aka yi ta sara a faɗin Afirka ta Yamma ana kai wa Sin, har a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu. Injin yankan katako yana kayar da maɗacin da ya shekara ɗari kafin a gama shan fura, kuma da wuya a ji wanda ya tambayi abin da aka dasa a madadinsa.

Ga mai son ganin wani abu makamancin waɗannan jirage ba tare da ƙetare teku ba, abin da ya fi kusa yana Jebba, a bakin kogin Kwara, wanda ruwan dajin Birnin Gwari ke gangarawa cikinsa ta kogin Mariga da na Kaduna. A tashar jirgin ƙasa ta garin an ajiye ragowar ƙarafan injin wani jirgin tururi mai suna Dayspring, wanda ya yi karo da dutse a kusa da wurin a watan Oktoba 1857, kuma suna cikin kayan tarihin da Nijeriya ta ayyana na ƙasa. Jagoran tafiyar da jirgin ke yi shi ne William Baikie, likitan sojojin ruwa da daga baya ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, ya kai har Kano a 1862. Tare da shi akwai Samuel Ajayi Crowther da kuma wani matashin hafsan sojan ruwa, John Glover, wanda bayan hatsarin ya bi ta ƙasa zuwa Legas, kuma a 1863 ya tara wasu Hausawa da suka kuɓuta daga bauta ya kafa ƙaramar rundunar da sojojin Nijeriya na yau ke ƙirga asalinsu daga gare ta.