Matan Srebrenica: Iyayen da Suka Ba da Jininsu Don Gano Ƙasusuwan 'Ya'yansu

Uwargida, kada ki yi mamaki idan kika ga Baturiya da ta gaji Musulunci tun kaka da kakanni. A yankin Balkan na kudu maso gabashin Turai, addinin ya kafu sama da shekara 500, tun zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. A ƙasar Sabiya, inda mafi yawan jama'a Kiristoci ne, Musulmi kusan kashi 4 cikin 100 ne, da yawansu a birnin Novi Pazar da kewayensa.

Daf da iyakar Sabiya, cikin maƙwabciyarta Bosniya, akwai garin Srebrenica. A watan Yulin 1995, dakarun Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Ratko Mladic suka kame shi, duk da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana shi tudun mun tsira. Aka ware maza da samari daga iyayensu mata, aka kashe fiye da 8,000 cikin 'yan kwanaki. Daga baya aka tone ramukan da katafila, aka sauya wa gawarwakin wuri don ɓoye laifin. Shi ya sa akan tsinci ƙasusuwan mutum ɗaya a ramuka daban-daban.

A asibiti kullum ina ɗibar jini, amma nasu daban ne. Iyaye da dangi suka riƙa ba da jininsu ana gwada ƙwayoyin halittarsu da na ƙasusuwan, har aka gano kusan mutum 7,000. Hatidza Mehmedovic, wato Hadiza a wurinmu, ta rasa mijinta da 'ya'yanta maza biyu, sai a 2010 ta samu binne su. Ta jagoranci ƙungiyar iyayen har rasuwarta a 2018, tana neman shari'a, ba ramuwar gayya ba. A 2017 kotun duniya ta yanke wa Mladic ɗaurin rai da rai.

Kada kuma ki yi wa Sabiyawa kuɗin goro. A Belgrade, babban birninsu, akwai mata masu sanya baƙaƙen kaya da ke fitowa duk shekara don tuna waɗanda aka kashe, ko da ana zaginsu.

Duk ranar 11 ga Yuli ana sallar jana'izar waɗanda aka gano a maƙabartar Potocari, wasu iyayen kuma har yau suna jira. Allah Ya jiƙansu.

Ke fa, 'yar uwa, yaya kike ba yaranki irin wannan tarihi ba tare da kin dasa musu ƙiyayya ba? Muna jiran ra'ayinki a ƙasa.