Gida Mai Taya Huɗu, Yara a Ciki

A ranar 25 ga Janairun 2000 wasu ma'aurata 'yan Ajantina, Herman da Candelaria Zapp, suka tashi daga Buenos Aires a wata tsohuwar mota ƙirar Graham-Paige ta 1928. Niyyarsu su kai Alaska cikin wata shida su juyo. Tafiyar ba ta ƙare ba sai Maris na 2022, bayan sun ratsa ƙasashe 102, motar ta ci kilomita wajen 362,000. Su biyu suka fita, su shida suka dawo, domin a hanya suka haifi 'ya'ya huɗu, kowanne da ƙasar haihuwarsa: Amurka, Ajantina, Kanada da Ostareliya. Da zuri'a ta yi yawa mota ta yi kaɗan, ba su saya wata ba. Yanka ta suka sa aka yi, aka ƙara mata tsawon santimita 40, aka sa ƙarin kujeru, aka kafa tanti a kan rufi.

Wannan sha'awa ta girmi kakanninsu. A 1915 wani attajirin New York, Roland Conklin, ya kwashi iyalinsa a wata ƙatuwar mota mai nauyin tan takwas ya nufi San Francisco. A cikinta akwai janareta da fitilun lantarki, kicin, gadaje masu naɗewa, garmaho, har da wurin shan iska a saman rufi. Jaridun lokacin sun yi ta bin sawunsa. Yau kuwa abin ya zama masana'anta: a 2021 kaɗai kamfanonin Amurka sun fitar da irin waɗannan gidajen tafi-da-gidanka sama da 600,000, kuma kusan takwas cikin goma daga jiha ɗaya suke fitowa, Indiana, musamman kewayen garin Elkhart.

Masu tallar wannan rayuwa 'yanci suke sayarwa: ka farka a bakin teku, ka kwana a gindin dutse. Abin da ba a cika ɗauka a hoto ba shi ne lissafi. Ban san wani magidanci da ke ƙirga lita da kilo da kwanaki kamar mai motar-gida ba.

A fara da kilo. A Turai lasin tuƙi na gama-gari yana tsayawa ne a kilo 3,500, mota da duk abin da ke cikinta. Motar mai gadaje biyar ko shida takan cinye mafi yawan wannan nauyi tun ba a saka cokali ba, ragowar 'yan ɗaruruwan kilo ne. A ciki za a cire nauyin uwa da na yara, tukunyar gas, kekuna, abinci, littattafai da ruwa, wanda kowace litarsa kilo guda ce. Shi ya sa akwai iyalan da ke zubar da rabin tanki kafin su hau babbar hanya, kuma 'yan sandan Jamus da Ostiriya kan tare motoci a lokacin hutu su hau da su sikeli. Dokar da iyaye da yawa ke kafa wa yara ke nan: sabon abin wasa ba ya shiga sai tsoho ya fita.

Ruwan ma kansa ba shi da yawa. Tankin matsakaiciyar motar-gida a Turai yakan ɗauki lita 100 ko sama da haka kaɗan, wato jarka huɗu irin ta 'yan garuwa, kuma da ita za a sha, a dafa, a wanke kwanuka, a yi wa yara uku wanka. Ba'amurke ɗaya a gidan bulo yana kashe sama da lita 300 a yini. Don haka yaron da ya tashi a mota yana koyon wankan sojan ruwa tun yana ƙarami: buɗe famfo ka jiƙa jiki, rufe, shafa sabulu, buɗe ka ɗauraye, fito.

Sai maganar da ba a yi a gaban baƙi. Motar tana da tankin ruwa mai tsabta, da na ruwan wanke-wanke, da na bayi. A Turai na bayin wata 'yar akwatin roba ce da ba ta kai lita 20 ba, ana zaro ta daga gefen mota a ja ta da hannu zuwa wurin zubarwa, kuma iyali mai mutum biyar ba sa wuce kwana biyu ba su yi wannan tattaki ba. A Amurka babban tanki ne da ake juyewa ta mesa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya haɗa mesar a sansani ya bar bakin tankin a buɗe, wai don ya huta. Ruwa sai ya tsiyaye, mai kauri ya tsaya, ya taru ya bushe ya yi tsibi, kuma fasa shi aiki ne da ake biyan ƙwararru. Ƙara da yaron da ya jefa ƙaramar motar wasa ko tsumman goge jariri a ramin, ka ga dalilin da ya sa iyaye da yawa ke sa wa ƙofar bayi sakata daga waje.

Firjin da ke cikin da yawa daga motocin nan da harshen wuta yake sanyaya abinci. Ɗan wutar gas ne ke dafa ruwan amoniya, tururin ya zagaya cikin bututu, ya zuƙe zafin da ke cikin firjin. Ba shi da inji, ba shi da ƙara, jariri ya yi barcinsa. Sharaɗinsa ɗaya: motar ta tsaya daidai. In ta karkace na dogon lokaci ruwan ba ya zagayawa, firjin ya lalace. Shi ya sa za ka ga uba da dare yana cusa katako ƙarƙashin taya, ɗiyarsa tana ciki da ma'aunin magina tana ce masa saura kaɗan. Gas ɗin girki kuma yana da nasa mamakin: duk kilo ɗaya da ya ƙone yana sakin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi a iska. Haɗa da numfashin mutum biyar a ɗan ƙaramin wuri, da safe tagogi na zubar da gumi, ƙarƙashin katifa na yin funfuna. A tsakiyar hunturu ma dole a bar wata kafa a buɗe.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kujera. Motar da ke kwanar da mutum shida ba lallai ta iya tafiya da mutum shida lafiya ba. A Amurka dokar tarayya ba ta tilasta gwajin haɗari ga kujerun baya na manyan motocin da suka haura fam 10,000 ba, kuma benci da yawa katako ne da soso, wasu suna fuskantar gefe. Masu ƙera kujerun jarirai kuwa sun hana a ɗaura su a kujerar da ke kallon gefe. Sakamakon haka iyalai masu ƙananan yara da yawa sun haƙura da gida mai injin kansa: sukan sayi wanda ake ja, su sa shi bayan a-kori-kura mai ƙofa huɗu, yara su zauna a ɗaure a motar gaba. Wasu kuma uba ya tuƙa gidan, uwa ta biyo shi a ƙaramar mota da yaran. An bar gida don a zauna tare, ga shi rabin yini ana hira ta waya.

Masu sayen tsofaffin bas na 'yan makaranta su mayar gida suna da nasu sharaɗin: jihohi da yawa ba sa yarda a bar launin ruwan ɗorawar nan, sai an sake fenti, an cire allon tsayar da motoci da fitilun gargaɗi.

Hukuma kuma ba ta san mutumin da ba shi da adireshi ba. Lasin tuƙi, inshora, katin zaɓe, haraji, duk suna tambayar ina kake kwana. A Amurka jihohi uku suka fi cin kasuwar ba matafiya adireshi, South Dakota da Texas da Florida, saboda ba sa karɓar harajin albashi. A South Dakota rasit na kwana ɗaya tak a otal ko sansani, da akwatin wasiƙa, da takardar rantsuwa, sun isa a ba matafiyi lasin jihar na shekara biyar. A Livingston ta Texas, garin da mutanensa ba su kai dubu shida ba, ƙungiyar Escapees da Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978 tana karɓar wasiƙun dubban mambobi a titi ɗaya, Rainbow Drive. Yawan wasiƙun ya sa gidan waya ya ba su lambar yanki tasu ta kansu, 77399. Akwai yaran da a takarda 'yan wannan titi ne, alhali ba su taɓa kwana uku a jere a cikinsa ba.

Inda iyali suka yi rajistar zama yana da alaƙa da karatu. Texas ba ta buƙatar iyaye su sanar da kowa cewa a gida suke koyar da 'ya'yansu, ba jarrabawa, ba mai duba. Jamus kuwa ta haramta koyarwa a gida gaba ɗaya, akwai tara, in an yi taurin kai har kotu na iya taɓa riƙon yaran. An sha ganin 'yan sanda a filayen jirgin saman Bavaria gab da hutu suna tambayar iyaye dalilin da ya sa yaro ba ya aji. Bajamushen da ke son yawo da 'ya'yansa shekara guda sau da yawa sai ya soke rajistar zamansa a ƙasar tukuna. Faransa ta tsaya tsakiya: tun 2022 sai da izini, amma yawon iyali na cikin dalilai huɗu da doka ta karɓa.

Inda makaranta ke bin yaro maimakon yaro ya bi ta, abin ya fi burge ni. A Holan tun 1955 akwai makarantar da ajujuwanta motoci ne, suna bin 'ya'yan masu wasannin tsalle-tsalle da masu lilon kasuwar baje-koli daga gari zuwa gari. A Ostareliya, inda iyalai kan cire yara daga aji su zagaye nahiyar a kan hanya mai tsawon kilomita 14,500, an fara koyar da yaran daji ta rediyo daga Alice Springs tun 1951. Tunanin da ya haifar da hukumar ilimin makiyaya ta Nijeriya a 1989, mai hedikwata a Kaduna, bai yi nisa da wannan ba, sai dai su 'ya'yan Fulani ba don shaƙatawa suke tafiya ba.

Kwanaki ma a ƙirge suke. A filayen gwamnatin tarayya na yammacin Amurka ana zama kyauta, amma a yawancin wurare kwana 14 ne, sai a tashi. A gonakin Faransa da ke cikin tsarin France Passion, wanda aka fara a 1993, manomi zai ba ka wuri kyauta na awa 24, ladabi shi ne ka gaishe shi, in ka ga dama ka sayi cuku ko zuma. Bature ɗan Birtaniya, tun ficewar ƙasarsa daga Tarayyar Turai, kwana 90 kawai yake da su cikin kowane 180 a yankin Shengen. In sun ƙare, da yawa sukan hau jirgin ruwa daga kudancin Sifen zuwa Maroko, su yi hunturu a gaɓar Agadir har lissafi ya sake cika.

Wasu sansanonin Arizona da Florida ba sa karɓar mai ƙasa da shekara 55, don haka ba yara. Wasu kuma motar suke duba wa shekaru: in ta haura goma, a gaba.

Garin Quartzsite a hamadar Arizona mazaunansa ba su kai 2,500 ba, amma da sanyi ya shigo dubban ɗaruruwan mutane ke sauka kewayensa da motocinsu. A maƙabartar garin akwai wani kabari mai siffar dala da raƙumin ƙarfe a samansa. Na Haji Ali ne, wani mai kiwon raƙuma daga daular Usmaniyya da sojojin Amurka suka ɗauko a 1856 lokacin da suka gwada amfani da raƙuma a hamada. A nan ya rasu a 1902.

Da me ake cin abinci? Wasu aiki suke yi ta intanet, musamman tun 2022 da Starlink ya fitar da faranti na matafiya. Wasu kuma rayuwar tasu ce hajar: bidiyon yara suna wanka a rafi, suna kuka, suna fitar da haƙori, duk ana ɗorawa a YouTube. Ni dai wannan ɓangaren bai kwanta mini ba, domin yaron da gadonsa bai fi faɗin kanta ba, ba shi da inda zai ɓuya wa kyamara. 'Yan majalisa ma sun fara lura. Faransa ta yi doka a kai a 2020, kuma daga 1 ga Yulin 2024 jihar Illinois ta wajabta cewa yaro ɗan ƙasa da 16 da ke fitowa a kashi 30 cikin ɗari na bidiyon da ke kawo kuɗi, sai an ajiye masa kasonsa a asusu har ya cika 18.

Kuma ba kowane yaro da ke kwana a mota ne iyayensa suka zaɓa ba. A titunan Los Angeles da Seattle akwai tsofaffin motocin-gida jere, tayoyi sun sace, na iyalan da kuɗin haya ya kora. Dokar McKinney-Vento ta 1987 tana lissafa yaron da ke zaune a mota ko sansani saboda rashin wani matsuguni a matsayin marar gida, ko da motar ƙira ɗaya ce da ta maƙwabcinsa mai yawon buɗe ido. Irin wannan yaro dole makarantar gwamnati ta ɗauke shi nan take, ba tare da neman shaidar adireshi ba, kuma in an kori motar zuwa wata unguwa, hukumar ilimi ce za ta nemo masa abin hawan da zai riƙa kai shi tsohuwar makarantarsa.