Batir a zafin Maiduguri: Abin da ke riƙe da bayanan jama'a idan an ɗauke wuta

A kan titin Baga, wanda ya ratsa ta gefen unguwar Bolori a Maiduguri, akwai tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin NNPC ya gina, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Maris na 2023. Mazauna unguwar sun san dalilin gina ta. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa turakun babban layin wuta da ya taso daga Damaturu, birnin ya faɗa cikin duhu. Kamfanin TCN ya kammala gyara a ƙarshen watan Maris, bayan 'yan kwanaki aka sake tarwatsa wasu turakun. Sai a ƙarshen shekarar wuta ta fara dawowa.

A waɗannan watanni an yi ta maganar masu walda, da masu sayar da ƙanƙara, da tsadar ruwan sha. Ba a cika tunawa da wani ɗan ɗaki da ke can ƙuryar banki, ko asibiti, ko cibiyar jarrabawar kwamfuta, ko ofishin ƙungiyar agaji ba. A nan ake ajiye saba, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ma'aikata ke ɗauko bayanai daga cikinta: tarihin jinyar majinyaci, jerin albashi, sunayen masu karɓar tallafi. Kwamfutar tebur idan wuta ta yanke mata, sai dai a sake kunnawa. Saba kuwa idan wuta ta katse tana tsakiyar rubuta bayani, abin da take rubutawa na iya gurɓacewa, wani lokaci har rumbun bayanan ya ƙi buɗuwa.

Shi ya sa ake haɗa ta da na'urar UPS, wadda ke ɗauke da batura a cikinta ko a gefenta. Aikinta a asali kaɗan ne: ta riƙe wuta na 'yan mintuna, har janareta ya tashi, ko a kashe saba cikin tsari. Gada ce, ba gida ba. Amma a garin da wuta kan yi sa'o'i ba ta leƙo ba, ga dizal da tsada, ga fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, sai aka mayar da gadar wurin kwana. Ana barin batura su ja kaya har su ƙare ƙarƙaf, don a rage sa'o'in kunna janareta.

Batirin dalma, wanda shi ne ya fi yawa a irin waɗannan ɗakuna, ba ya jure wannan. Duk lokacin da aka zuƙe shi har ƙasa, aka kuma bar shi bai cika ba, wani farin gishiri kan daskare a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, ya rage masa wurin ajiye caji, kuma da wuya abin ya gyaru. Sai kuma zafi. Kamfanonin da ke ƙera batura suna auna tsawon rayuwarsu ne a kan digiri 25 na ma'aunin Selshiyas, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwar batir biyu. A watan Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40. Ɗakin da aka kashe wa na'urar sanyaya iska don tsimin mai, ga rufin kwano, ga zafin da ita kanta saba ke fitarwa, yana iya cinye batirin da aka rubuta wa shekara biyar cikin shekara biyu, ko ƙasa da haka.

Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne batir ba ya kuka kafin ya mutu. Koren fitilar da ke gaban na'urar tana nan a kunne, ma'auni na nuna cikakken caji, domin babu nauyi a kansa. Sai ranar da aka ɗauke wuta, a ga abin da aka sa ran zai yi minti 20 ya faɗi cikin daƙiƙu. Gwajin gaskiya shi ne a ɗora masa kaya da gangan, a ranar da babu aikin gaggawa, a ƙirga lokacin da zai ɗauka. Alamun da ido ke gani, kamar kumburin jiki, ko farin gari a bakin waya, ko ɗumi fiye da kima, sukan bayyana ne bayan aikin gama ya gama.

Wajen sauyawa ma akwai kuskuren da ƙarancin kuɗi ke jawowa. Batura masu bolt 12 a jere ake haɗa su, wuta na bi ta cikin ɗaya zuwa ɗaya, don haka mafi rauni shi ke yanke wa sauran hukunci. Mai ofis yakan ce a cire mataccen kawai a sa sabo. Tsofaffin sai su ja sabon ƙasa, cajin ya kasa daidaita a tsakaninsu, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya. Dukkan jerin ake sauyawa tare, iri ɗaya, girma ɗaya, a kuma duba ranar da aka ƙera su, domin batirin da ya daɗe a shago cikin zafi ya fara tsufa tun ba a ɓare kwalinsa ba.

Masu hali sun fara komawa batirin litiyam tare da faifan sola. Ya fi jure zuƙewa da cikawa sau dubbai, ya fi sauƙin nauyi, sai dai kuɗinsa na farko ya fi yawa ƙwarai, kuma shi ma yana son inuwa da iska. Ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumban 2024, wadda ta mamaye babban ɓangaren birnin, ta ƙara wani darasi: saboda nauyinsu, a ƙasa aka saba jera batura, inda ruwa ke fara isa.

Akwai masu ganin mafita ita ce a kwashe bayanan zuwa manyan cibiyoyin ajiya, waɗanda mafi yawansu ke Legas, ko cibiyar Galaxy Backbone da ke Kano. Shawara ce mai kyau, musamman don ajiye kwafi na biyu. Amma kafin ma'aikacin asibiti a Bolori ya ga abin da aka ajiye a Kano, sai na'urar intanet ta ofishinsa na da wuta, sai kuma turken sadarwa na unguwar na aiki, shi ma da nasa batura a gindinsa.

Matattun baturan kuwa ba a rasa masu saye. 'Yan gwangwan na biyan kuɗi a kansu saboda dalmar da ke ciki, wasu su fasa su a fili, su zubar da ruwan batir a ƙasa, kusa da inda yara ke wasa. Arewa ta san gubar dalma: a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, ko da yake daga haƙar zinare ta fito a wancan karo. Hukumar NESREA ce ke da alhakin sa ido kan yadda ake sarrafa tsofaffin batura, amma a yawancin ofisoshi, da zarar an ɗaura sababbi, babu mai rubuta inda tsofaffin suka nufa.