In Wayar Hannu Ta Ja Ka Tana Caji, Duba Cajar

A damunar bara, a nan Limawa, wata yarinya a gidan da muke haya ta taso daga wanke-wanke, hannu jiƙe, ƙafa ba takalmi, ta ɗauki wayar uwarta da ke jone a caji domin ta amsa kira. Sai ihu muka ji. Ta yi wurgi da wayar, hannun kuwa ya wuni yana mata zugi. Allah ya kiyaye, abin ya tsaya nan. Uwar ta ce wayar ce ta lalace, sayar da ita za ta yi. Da na karɓi cajar na duba, sai na ga irin mai arahar nan ce da ake bazawa a faranti a bakin tasha, ba ta da nauyi ko kaɗan, igiyarta kuma an naɗe ta da salatif wuri biyu.

'Yan'uwa masu karatu, batirin wayar hannu ba shi da ƙarfin jan mutum, gama bai kai bolt 5 ba. Wutar gida kuwa, wadda har yanzu muke ce wa NEPA ko da yake KEDCO ce ke rarraba ta a Jigawa, Kano da Katsina tun 2013, bolt 230 ce. Aikin caja shi ne ta karɓi wannan babbar wuta ta rage ta zuwa bolt 5, ko sama da haka kaɗan a masu saurin caji.

A cikin kowace caja akwai ɓangare biyu: wanda wutar gida ke shiga, da wanda ke miƙa wa waya ƙaramar wuta. Tsakaninsu akwai ɗan ƙaramin taransifoma da aka killace da kyau, da kuma rata da aka bari da gangan domin kada babbar wuta ta tsallaka. Wannan rata ita ce ran mai waya. Masu ƙera jabu sukan matse ta domin rage kuɗi, su sa siririn abin killacewa. Ƙurar hunturu ta shiga ta zauna, zafin bazara ya gasa robar, laimar damuna ta zo ta jiƙa ƙurar. Ranar da wuta ta tsallaka, bolt 230 ɗin nan sai ya bi igiya har zuwa ƙarfen jikin waya, wayar kuwa tana iya ci gaba da caji kamar ba komai.

Daga nan wutar hanyar zuwa ƙasa take nema, jikin mutum ne hanyar. Busasshiyar fata takan tare ta sosai, jiƙaƙƙiya kuwa ƙofa ce a buɗe. Shi ya sa mai tsaye ba takalmi a kan danshin siminti ya fi kowa shiga haɗari. Kuma ba wuta mai yawa ake bukata ba. Kashi ɗaya cikin biyar na abin da ƙwan lantarki mai wat 60 ke sha, in ya ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya. Abin da bai kai wannan ba ma yakan ƙanƙame hannu har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe.

A watan Yuli na 2013 wata ma'aikaciyar jirgin sama mai shekara 23 ta mutu a ƙasar Sin tana amsa kira a iPhone da ke caji. Rahotanni sun ce cajar ba ta kamfanin ba ce, a watan Agusta kuma Apple ya soma karɓar irin waɗannan cajoji yana ba da nasa a kan rahusa. A 2014 an tarar da wata mata a Ostireliya ta rasu da abin sauraro a kunne, hukuma ta danganta mutuwar da caja mai araha.

Ba kowane ja ne na mutuwa ba, kada mu tsorata jama'a a banza. Ɗan tartsatsin da kake ji lokacin hunturu in ka taɓa ƙofar mota ko waya, daga jikinka ne da tufafinka, sau ɗaya ne ya wuce. Amma in kana jin wani ɗan zir-zir a gefen waya duk lokacin da take jone, ka daina ji in an cire ta, a ganina kada ka tsaya gardama da cajar nan. Canza ta. Haka wadda ke zafi har ba ta taɓuwa, ko mai ƙauri, ko wadda bakinta ya karye aka cusa tsirarun wayoyi a soket da tsinken ashana. Wutar ƙaramin janareta ma ba wasa ba ce, ƙarfinta ɗaya da ta gida.

In kira ya shigo, zare igiyar tukuna, da busasshen hannu. Kada a bar yara su kwanta da waya tana caji a kan katifa, balle a shiga da ita makewayi.

In kuwa wuta ta kama wani a gabanka, kada ka taɓa shi da hannu, kai ma za ta haɗa da kai. Kashe soket ko babban makunnin gida. In ba ka kai gare shi, ture igiyar da busasshiyar sanda ko taɓarya. Wanda ya suma, ko ya ƙone, ko yake jin ciwon ƙirji, a kai shi asibiti nan da nan ko da ya tashi ya ce ya warke, gama zuciya takan rikice daga baya.