Me ya sa ganga ke danne murya a FL Studio?

Satin da ya wuce wani yaro ya kawo min waƙar biki ɗan situdiyona a nan Dawanau, wai amarya ta ƙi karɓa don ganga ta danne sunanta. Ina buɗewa na ga matsalar: duk kayan kiɗan a Master suke zuba.

Ku gane, MIDI ba sauti ba ne. Umarni ne kawai: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, na tsawon wane lokaci. Sautin daga synth yake fitowa, kuma kai ne za ka nuna masa hanya.

Ka zaɓi gangar a Channel Rack, ka je Mixer ka taɓa layin da babu komai, sai ka danna Ctrl+L. Haka za ka yi wa fiyano da sarewa, kowa da layinsa.

In Kontakt ɗaya ke ɗauke da kaya da yawa, ba kowanne MIDI Out nasa. Lambar port ta zo ɗaya da ta Kontakt, channel kuwa daban-daban, daga 1 zuwa 16. Sannan ka raba outputs ɗinsa a Mixer.

Muna rage gangar kaɗan, sunan amarya ya fito tas. Jiya aka biya yaron cikon kuɗinsa.