Kuɗin Makamai da Shirun Majalisa

Idan ɗan majalisar Birnin Kudu da Buji ya zo Wurno, ana roƙonsa rijiyar burtsatse, taki da gurbin aiki. Da wuya ka ji an tambaye shi kuɗin makamai, alhali da ƙuri'arsa ake zartar da kasafin tsaro, kuma 'ya'yan talakawa ake turawa daji da abin da aka sayo. Sashe na 88 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba majalisa ikon bincike don tona almundahana da ɓarnar dukiya.

Hanyar cutar sananniya ce. Ɗan kwangila ya ninka farashi, ko ya kawo tsohon kaya da sunan sabo, ko ya karɓi kuɗi bai kawo komai ba. In an nemi takardu, sai a ce sirrin tsaro ne.

A Satumban 2014 Majalisar Dattawa ta amince wa Shugaba Jonathan ya ciwo bashin dala biliyan 1 don yaƙi da Boko Haram. A watan ne Afirka ta Kudu ta kama tsabar dala miliyan 9.3 a jirgin da ya taso daga Najeriya, wai na cinikin makamai. Duk da haka ba majalisa ce ta fasa ƙwan ba. Kwamitin da Shugaba Buhari ya kafa a 2015 ne ya ce an ba da kwangilar jiragen yaƙi Alpha 4, masu saukar ungulu 12 da bama-bamai, ba a kawo ba. Sambo Dasuki, mai ba Shugaba Jonathan shawara kan tsaro, wanda aka zarga da ba da kwangilar, ya musanta, ya kuma sha tsarewa daga Disamban 2015 zuwa Disamban 2019.

Abin takaici, gwamnatin da ta yi binciken ita ma ta tsallake majalisa. A 2018 ta fitar da dala miliyan 496 don sayen jiragen Super Tucano 12 daga Amurka, sai daga baya ta nemi amincewa.

A Maris 2021 Babagana Monguno, mai ba Shugaba Buhari shawara kan tsaro, ya shaida wa BBC Hausa cewa ba a ga kuɗin makamai ba, ba a ga makaman ba. Ofishinsa ya ce an juya maganarsa. Da kwamitin Majalisar Wakilai ya titsiye Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Ibrahim Attahiru, a Afrilu, sai ya ce a tambayi waɗanda suka gabace shi, su ne suka yi cinikin.