Ruwa a kan ruwa: yadda bashi yake ninkuwa

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu suna sa hannu a takardar bashi ba su san yadda ake lissafa kuɗin ruwan da ke ciki ba. Za mu bayyana lissafin nan ne domin a gane sharrinsa a guje shi.

Kuɗin ruwa iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗora wa uwar kuɗi kaɗai. Akwai kuma wanda idan wa'adi ya cika ba a biya ba, sai a haɗa ruwan da uwar kuɗi su zama sabuwar uwa, ita ma a ɗora mata ruwa. Wannan shi ne ruwa a kan ruwa.

Mu ɗauki bashin sefa 100,000 a kan kashi 24 cikin ɗari a shekara, wato iyakar da aka sa wa ƙananan cibiyoyin bashi na ƙasashen sefa a yammacin Afirka a 2014. Hanyar lissafin ita ce: a raba 24 da yawan lokutan da ake haɗa ruwan a shekara, sannan kowane lokaci a ɗora kason a kan jimlar da ta gabata.

Idan sau ɗaya ake haɗawa, a ƙarshen shekara bashin ya zama 124,000. Idan duk wata shida ne, kashi 12 sau biyu ke nan: 112,000, sannan 125,440. Duk wata uku, 126,248. Duk wata, 126,824. Kullum kuwa, kimanin 127,115.

Ashe kashi 24 da aka rubuta a takarda ya kusa 27 idan duk wata ake haɗawa. Amma a lura, daga wata zuwa kullum ƙarin bai kai sefa 300 ba. Abin da ke karya mutum shi ne tsawon lokaci. Bayan shekara 5, ruwan da ba ya ninkuwa zai kai bashin 220,000, na shekara-shekara 293,163, na wata-wata kuwa 328,103.

Mafi muni shi ne mai cewa "kashi 10 kacal a wata". Wanda ya kasa biya shekara guda, 100,000 ɗinsa ta zama 313,843.

Wannan ba sabon abu ba ne. A zamanin jahiliyya idan wa'adi ya cika, mai bin bashi yakan ba wanda yake bi zaɓi: ko ya biya, ko a ƙara masa kuɗi a jinkirta masa. Aya ta 130 a Suratu Ali Imrana ta hana wannan ninkin. Kada kuma wani ya zaci ruwan da ba ya ninkuwa halal ne, domin ayoyi 275 zuwa 280 na Suratul Baƙara sun haramta ƙarin gaba ɗaya, sun bar wa mai bashi uwar kuɗinsa kawai, sun kuma umarce shi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci.

Wanda ya riga ya shiga, ya tuba, ya tambayi jimlar da ake binsa a yau, ya gaggauta biya, don kowane wata sabon nauyi ne. Mawadatanmu kuma su raya rance domin Allah, kada buƙata ta tura ɗan'uwa hannun masu ruwa.

Allah Ya wadata mu da halal. Allah ne Mafi sani.